Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Gina Benen Kek a Gida

TAMBAYA

Ni matar aure ce, ina ɗan taɓa sana'ar kek a gida, musamman ƙananan nan na cikin takarda da ake ce wa kof-kek. Wata mai kamawa in Allah ya kai mu za a yi walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanwata, na kuma ɗauki alkawarin guda 60. Ina gani a hotuna ana jera su a kan wani abu mai hawa-hawa, su yi kyau kamar ka sace ka gudu. Na taya shi a kasuwa na ga ya fi ƙarfina, masu ba da haya kuma suka ce sai dai in haɗa da sauran kayan adon wuri gaba ɗaya. Na taɓa gwadawa da faranti da kofin gilas, tun kafin in gama jerawa ya karkace. Don Allah Anti, ana iya haɗa shi a gida? Da me ake yi? Kuma yaya zan yi kada ya ba ni kunya a gaban mutane?

Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA

Ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatun, ya ba ta ikon aiki da shi, ke kuma ya buɗa miki kasuwa. Ana haɗa shi a gida sarai, kuma fiye da rabin kayan suna nan cikin ɗakin girkinki. Amma tambayarki ta ƙarshe ce ta fi tsaya min a rai, domin a nan gizo ke saƙa. Yin abu mai kyau a ido ba shi da wuya. Wanda zai tsaya da ƙafarsa tun daga buɗe taro har a shafa fatiha, shi ne ke son a zauna a yi masa lissafi.

Tunda ba mu da tsayayyen suna gare shi, bari mu kira shi benen kek. Daga teburin shayin la'asar na Turawan Ingila ya yaɗu, al'adar da ake dangantawa da Anna, matar basaraken Bedford, wajen shekarar 1840. Teburin shayi ƙarami ne, kayan ci kuma da yawa, sai aka riƙa kawo su a faranti uku, wani bisa wani. Shi kuwa kof-kek a Amurka ya yi tashe, tun 1796 wata mata mai suna Amelia Simmons ta rubuta yadda ake gasa kek a ƙananan kofuna a littafinta na girki. To amma hikimar ɗora abu bisa abu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wadda ta taɓa zuwa jeren ɗakin amarya a zamanin kwalla da samira da kumbo ta san yadda ake yi: babba a ƙasa, ƙarami a sama, kowane ya zauna daidai tsakiyar ɗan'uwansa. Iyayenmu kan kai jere har kusa da rufi, ya shekara bai gusa ba.

Ka'idar benen kek ke nan, kuma uku ce. Gindi ya fi kai faɗi da nauyi. Ginshiƙi ya zauna a tsakiya cif. Tsayin benen kada ya wuce faɗin gindinsa. In kika duba wanda ya karkace miki, za ki tarar ya saɓa aƙalla biyu daga ciki. Kofin gilas siriri ne, ga santsi, ga rashin nauyi, kuma da ido kika ɗora shi, ba da awo ba. Shi kuma farantin cin abinci gefensa a gangare yake, kek ba ya samun wurin zama sosai, sai duk su jingina wuri guda.

Ni ma na taɓa ɗanɗana wannan a sunan ɗiyar yayata. Na tayar da hawa biyar a kan gwangwanaye babu komai a cikinsu, na ɓatar da kwana biyu wajen liƙa leshi da furanni, ban ɗauki ko minti biyar na gwada ƙarfinsa ba. Wani yaro ya zo ya dafa tebur kawai, shi ke nan. Abin ya daɗe yana yi min ciwo, domin ba wahalata kaɗai ce ta zube a ƙasa ba, har da kuɗin mai jego. Tun daga ranar nake fara kowane bene da tef da fensir, ado ya biyo baya.

To ɗauko tef ɗin tela, ki juya ɓangaren santimita. Kof-kek madaidaici gindinsa santimita 5 ne, kansa kuma wajen 7. Idan aka murɗa masa kirim a kai, tsayinsa kan kai 7 zuwa 8. Mai ɗauka kuma yana buƙatar wurin sa yatsu ba tare da ya shafo kirim ba. Saboda haka tsakanin hawa da hawa ki bar santimita 12. Ƙasa da haka, kirim zai riƙa gogar rufin da ke samansa. In ya zarce haka da yawa, benen ya yi tsayin banza, ya fara rawa.

Faɗin kuwa, ki yi hawan ƙasa santimita 40, na tsakiya 30, na sama 23. A awon masu sayar da kayan kek, inci 16 ke nan da 12 da 9. Na ƙasa zai ɗauki 13 a kewaye ba tare da sun matsu ba, na tsakiya 9, na sama 7, wato shida a gefe ɗaya a tsakiya. Jimla 29. Idan takardar kek ɗinki ta fi wannan girma ko ƙanƙanta, kada ki dogara da lissafina. Yanki takarda daidai faɗin kowane hawa, ki jera takardun kek na wofi a kai ki ƙirga. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan aiki ki bar tef ya yi magana.

Ga shawarar da na fi so ki riƙe. Tunda 60 kika yi alkawari, kada ki ce sai sun hau bene ɗaya. Ki gina biyu masu hawa uku-uku, su ɗauki 58, sauran biyun ki sa su a tsakani ko ki ba mai sauka da malaminta. Bene mai hawa uku tsayinsa bai kai santimita 30 ba, gindinsa kuma 40, kin ga yana cikin ka'ida. Guda biyu a kan tebur, ɗaya dama ɗaya hagu, sun fi cika ido, sun fi sauƙin ɗauka, kuma mutane ba za su yi cincirindo a kan guda ɗaya ba.

Hanya mafi arha ita ce kwali da gwangwani. Nemi kwali mai kauri, irin na firji ko talabijin, wanda in kika duba bakinsa za ki ga layi biyu na ramuka. Ki guji duk kwalin da ya taɓa ɗaukar sabulu, ko omo, ko maganin sauro, ko takin zamani, ko wanda ya sha damshi. Warin waɗannan ba ya fita, kuma kek mai maiƙo yana jan wari.

Zana da'ira ba ya buƙatar wani kayan makaranta. Kafa ƙusa a kan kwalin, ki ɗaura mata zare marar talewa, ki ɗaura fensir a ɗaya bakin. Tsayin zaren shi ne rabin faɗin da kike so: santimita 20 ga hawan ƙasa, 15 ga na tsakiya, 11 da rabi ga na sama. Ki ja zaren ya miƙe, ki zagaya. Ramin da ƙusar ta bari, ki kiyaye shi, ki kewaye shi da biro, domin shi ne cibiyar hawan, kuma a kansa ginshiƙi zai zauna. Yanka kuwa da sabuwar reza ko wuƙar yankan kwali, a kan katako, a hankali, sau biyu ko uku a layi ɗaya. Almakashi murƙushe bakin kwali yake yi.

Kowane hawa ki yanka masa da'ira uku, ki manne su wuri guda. A nan akwai sirrin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kwali yana da jijiya, wato ramukan nan da ke tafiya a miƙe cikinsa, kuma ta bin jijiyar yake lanƙwashewa. In kika ɗora uku duk jijiyarsu na kallon gabas, za su lanƙwashe tare kamar guda ɗaya. Sai ki sa ta farko ta kalli gabas, ta biyu ta kalli arewa, ta uku ta koma gabas. Haka ake saƙar tabarma, haka kuma kafintoci ke samun ƙarfin katakon nan mai falle-falle. Ki shafa farin gam na kafinta irin su Top Bond ko'ina har baki, ki danne da littattafai ko turmi a kife, ki bar shi ya kwana.

Ginshiƙi kuma gwangwanin madarar gari ko na Milo, matsakaici mai murfi. Yawancinsu tsayinsu na kusa da abin da muke nema, amma ki auna, ki tabbata bai gaza santimita 12 ba, faɗinsa kuma kada ya wuce 10, don kada ya cinye wurin kek a hawan tsakiya. Ki wanke, ki shanya ya bushe ƙayau. Sannan ki cika na ƙasa da busasshen yashi da kika ɗaure a leda, har baki. Na sama ki zuba masa rabi. Wannan yashin shi ne tushen gininki. Kof-kek ɗaya da kirim ɗinsa kan yi giram 70 zuwa 100, ke nan bene guda zai ɗauki kilo biyu zuwa uku, kuma fiye da rabin wannan nauyi a sama yake rataye. In babu abin da ya rinjaye shi daga ƙasa, ƙaramin turi ya isa ya kayar da shi.

Wajen mannewa, ki ɗora gwangwanin a kan cibiya, ki auna daga jikinsa zuwa bakin kwalin ta fuska huɗu. Sai awon ya zo ɗaya sannan ki zana kewayensa da fensir, ki ɗaga, ki sa gam, ki mayar cikin zanen. Haka za ki yi a bayan hawan da zai hau kansa. Gam ɗin da ya fi dacewa a nan shi ne mai kama da kyandir ɗin nan da ake narkarwa da bindigarsa, yana kama kwali da ƙarfe nan take. Ki zuba shi da yawa, ki ƙara zagaye gindin gwangwanin da shi. Ki kuma manne murfin da jikin gwangwani, kada ki dogara da rufewarsa kawai. Hawan ƙasa ya kwanta shimfiɗe a kan tebur, kada ki yi masa ƙafa.

Idan kina da tiren silba masu girma daban-daban, hanya ta biyu ta fi sauri. Tire ya fi faranti domin cikinsa a shimfiɗe yake. Zaɓi uku da kowane ya fi na samansa da wajen santimita 8 zuwa 10 a faɗi. Don gano cibiya, ɗora tiren a kan takarda ki zana, ki yanke, ki ninka biyu, ki sake ninkawa. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Ginshiƙi kuma gwangwanin nan dai mai yashi, ko kofin tangaran mai faɗin baki a kife. In aro za ki yi wa tirenki na yini ɗaya, gam na kyandir ya isa, bayan taro a ɓamɓare shi. Amma ki sani abin da ya sa yake ɓamɓaruwa da sauƙi shi ne rauninsa, ba ya kama santsi sosai, kuma yana saki in ya sha zafin rana ko na cikin mota. Don haka a wurin taron za ki haɗa, ba a gida ba. In kuwa na dindindin kike so, sai gam mai bututu biyu da ake kwaɓawa, irin su Araldite. Ki goge wurin da samfefa ya yi kaushi, ki share maiƙo, ki kwaɓa su daidai wa daida, ki manne, ki bar shi awa 24 ba taɓawa. Super Glue kada ki ɓata kuɗinki, da ya bugu yake tsinkewa, kuma yana barin farin tabo a gilas.

Hanya ta uku ta nan gaba ce, in sana'a ta kankama. Ki kai wa kafinta waɗannan awon ya yanka miki da'irori a katako mai falle-falle, ya huda kowace a cibiya. A sami dogon ƙarfe mai zare da notinsa, a yanka farin bututun famfo mai faɗi santimita 12-12 ya zama ginshiƙi, ƙarfen ya ratsa ta ciki, a ɗaure sama da ƙasa. A ce wa kafinta ya rarake wa notin ƙasa gurbi don kada benen ya yi gunguɗa a kansa. Amfanin wannan shi ne ana kwance shi ya kwanta cikin jaka, ki hau adaidaita da shi hankali kwance, har ki riƙa ba da haya.

Yanzu sai ado, domin in kana da kyau ka ƙara da wanka. Zai fi miki sauƙi ki lulluɓe kowane hawa da kowane gwangwani tun kafin ki haɗa su, ki bar wurin zaman ginshiƙi a buɗe, don gam ya kama kwali kai tsaye. In ya kama takardar ado kawai, ita za ta yage ginin ya rabu. Farar takarda mai kauri tana yi, takardar naɗe kyauta tana yi. Wanda na fi so shi ne ragowar yadi. In an fitar da anko, ki karɓi ƙyallen da ya saura wurin tela, ki yanka shi ya zarce da'irar da santimita 4, ki tsattsaga bakin, ki ninka ta baya ki manne. A sama ki shimfiɗa farar leda mai haske ko takardar gashi, saboda maiƙon kek na ratsa takardarsa ya bar tabo, kuma bai kamata abin ci ya zauna a kan rini ba. Jarida kada ta kusanci wurin, tawadarta ba ta dace da abinci ba. Bakin kwalin ki zagaye shi da ribon mai faɗin da zai rufe kaurinsa, nan ne ido ke fara sauka. In fenti na fesawa za ki yi wa gwangwanaye, ki yi a tsakar gida, ki ba su kwana biyu zuwa uku warin ya fita. Launi biyu sun isa. Walimar sauka ce, fari da ruwan zinariya ko fari da kore za su ba da natsuwar da ta dace da ranar, kuma kek ɗin ne ake so a gani, ba abin da ke ɗauke da shi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki gama ginin saura mako guda, ki yi masa jarrabawa. Ledar ruwa guda ɗaya rabin kilo ce. Samo shida waɗanda ba su da sanyi, ki goge jikinsu, ki ɗora uku a ƙasa, biyu a tsakiya suna fuskantar juna, ɗaya a sama. Bar su su kwana. Da safe ki durƙusa ki kalli benen daga gefe, ki ga ko wani hawa ya sunkuya. Sannan ki kwashe na ɓangare ɗaya ki bar na ɗaya ɓangaren, domin haka baƙi za su yi masa, ki ɗan girgiza teburin. In ya tsaya, kin gama. In ya yi rawa, ki ƙara yashi ko ki ƙara falle ɗaya na kwali. Gara ya faɗi a ɗakinki da ledar ruwa a kansa.

Ranar taro, benen daban, kek daban a cikin kwalayensu. Kada ki yarda a ɗauko shi a jere, ko daga ɗaki zuwa tsakar gida ne. Ki duba teburin da kanki, teburan roba na haya sukan yi ɗingishi a ƙasa marar daidai, sai a sa wa gajeriyar ƙafar ninkakken kwali. Ki jingina teburin da bango, nesa da ƙofa da hanyar yara, mayafinsa kuma kada ya sauko inda ƙaramin hannu zai kamo. Wajen jerawa ki fara daga ƙasa, kina sa ɗaya nan ɗaya can suna fuskantar juna, har ki kai sama. Wajen rabo kuma daga sama ake farawa a sauko. Ki wakilta mutum ɗaya mai natsuwa ta tsaya a wurin tana miƙawa.

Sai yanayi, wanda hotunan da kike gani ba sa nunawa. Bota na narkewa ne tun daga ma'aunin zafi 32 zuwa 35, mu kuwa bazararmu takan wuce haka nesa. Saboda haka inuwa dole ce, kuma kada ki jera sai saura kamar rabin awa a fara ci. In hunturu ne, ƙura da bushewa ne abokan gaba. In damina ce ko lokacin mangwaro, ƙuda. Maganinsu ɗaya, yadin raga mai laushi da za a yafa, a ɗage shi da dogon tsinke da aka kafa a hawan sama don kada ya taɓa kirim. Fanka kuma kada ta fuskanci teburin kai tsaye.

Ƙanwata, na san zuciyarki na wurin ribon da furanni, kuma za su zo a lokacinsu. Amma wannan makon ki fara da neman kwali mai kauri da gwangwanaye huɗu, ki aiki yaro ya ɗebo miki yashi a shanya. Yarinyar nan shekaru ta yi tana bin allo harafi bayan harafi kafin ta kai wannan rana, ta cancanci a yi mata abin da aka gina a tsanake. In an yi taro lafiya, ki zazzage yashin, ki adana benen a leda inda damshi ba ya kaiwa, zai sake yi miki wani taron. Ki kuma rubuto ki ba ni labari. Allah ya kai mu lafiya, ya sa a yi taro a tashi cikin farin ciki.